Gidajen tarihi na birnin Paris da abin da ke cikinsu

Birnin Paris, babban birnin ƙasar Faransa, yana da gidajen ajiyar kayan tarihi fiye da 100. Irin waɗannan gidaje su ne ake ce ma muze, kamar wanda ke Yamai kusa da bakin kogi. Waɗansu ƙanana ne, ɗaki biyu ko uku a gidan wani marubuci da ya rasu. Waɗansu kuwa sun fi unguwa guda girma.

Mafi yawan masu karanta wannan shafi ba za su taka Paris ba. Da ma tafiyar tana da tsada, ga shi kuma dangantaka tsakanin Nijar da Faransa ta lalace a shekara ta 2023, har Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a farkon 2024. Duk da haka ya kamata a san abin da ke cikin waɗannan gidaje, domin akwai kayan Afirka dubbai a ciki, har da waɗanda aka tono daga ƙasar Nijar.

Kusa da kowane abu da aka ajiye, akwai wata ƴar takarda da aka manna. A kanta ake rubuta sunan abin, da ƙasar da ya fito, da zamanin da aka yi shi, sa'an nan a ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, yadda ya shigo gidan: ko saye, ko kyauta, ko sunan wani hafsan soja ko wani matafiyi. Baƙi da yawa ba su kula da ita, hoto kawai suke ɗauka su wuce. Alhali rabin labarin yana cikin ƴar takardar nan.

Luvur, gidan sarakuna

Duk mai ziyara da Luvur yake farawa. Asalinsa ganuwa ce da sarki Philippe Auguste ya gina wajen shekara ta 1190 don tsaron gari. Daga baya ya zama fadar sarakuna, har sarki Louis na 14 ya ƙaura zuwa Versailles a 1682. Bayan juyin juya hali, aka buɗe shi ma talakawa ranar 10 ga Agusta 1793. Dalar gilashin da ake shiga ta ƙarƙashinta sabuwa ce, a 1989 aka gama ta.

Abubuwan da aka baje ma masu kallo sun kai wajen 35,000. In mutum ya ce zai tsaya minti guda gaban kowane, yana kallo awa 8 kullum, sai ya yi fiye da wata biyu bai gama ba. Saboda haka mai hankali tun daga ƙofa yake zaɓen inda za shi. Ana rufe gidan ran Talata. Daga watan Janairu 2026 kuɗin shiga ya zama yuro 32 ga baƙin da ba na Tarayyar Turai ba, wato wajen jika 21 na sefa, amma yaran da ba su kai shekara 18 ba kyauta suke shiga. A 2024 mutum miliyon 8 da dubu 700 suka ziyarce shi.

Rububin jama'a duk wuri guda yake nufa, wajen hoton wata mata da ake kira Mona Lisa, wanda Leonardo da Vinci, mutumin Italiya, ya fara zanawa bisa allon katako wajen 1503. Wanda ya sha jin labarinta yakan yi mamaki in ya gan ta, domin tsawon allon santimetir 77 ne kawai, kuma daga nesa ake hango shi ta bayan gilashi, ta saman kawunan mutane. Sunanta bai cika duniya haka ba sai da wani ma'aikaci ya sace ta a 1911, jaridu suka yi ta yayatawa har aka same ta a Italiya a 1913.

Da mai kallo zai juya baya a cikin wannan ɗaki, da ya ga abin da ya fi ba da labari. A bangon da ke fuskantar Mona Lisa akwai wani ƙaton zane na walimar aure, aikin Veronese, faɗinsa kusan metir 10. Sojojin Napoléon ne suka ciro shi daga wani gidan ibada na birnin Venise a 1797. Da aka ci Napoléon da yaƙi a 1815, ƙasashen Turai suka aiko wakilai Paris su karɓi kayansu, aka kuwa mayar da dubbai. Wannan zane dai aka ce ya yi girma, tafiya za ta lalata shi, sai aka ba da wani a madadinsa. Har yau yana nan. Ke nan maganar mayar da kayan ganima ba ƴan Afirka suka fara ta ba. Turawa sun yi ta a tsakaninsu shekara 200 da suka wuce.

A wani sashe akwai wani baƙin dutse mai tsawon metir 2 da ƴan kai, an rubuce shi gaba da baya da rubutu mai kama da sawun tsuntsu. Dokokin Hammurabi ne, sarkin Babila a ƙasar Iraƙi ta yanzu, wanda ya yi mulki wajen shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa. Hukunci 282 ne a jikinsa, a kan bashi, da aure, da gado, da ladan magini da na likita, da abin da za a yi ma wanda ya bar ruwan gonarsa ya ɓarke ya cinye ta maƙwabci. Alƙali ko sarkin noma da aka fassara masa su ba zai ji baƙon abu ba. Shi ma dutsen ba a Babila aka same shi ba. Wani sarkin Elam ya kwashe shi ganima zuwa birnin Susa, a ƙasar Iran ta yanzu, can masu tono na Faransa suka same shi a 1901.

Sashen kayan ƙasashen Musulmi, wanda aka buɗe a sabon wurinsa a 2012, ya cancanci a zauna a ciki. Akwai wani ɗan batta na hauren giwa da aka sassaƙa a Andalus a shekara ta 968 don al-Mugira, ɗan halifa. Akwai kuma wata tasa ta tagulla da aka yi ma ado da azurfa da zinariya, aikin zamanin Mamluk, a ƙarni na 14. Maƙerin da ya yi ta, Muhammad ibn al-Zain, ya sa sunansa a jikinta har wuri shida. Abin mamaki, da wannan tasa aka riƙa yi ma ƴaƴan sarakunan Faransa wankan shiga addinin Kirista. Maƙeran farfaru na Agadas da Damagaram su za su fi kowa gane wahalar da ke cikin wannan aiki.

An daɗe ana cewa kayan Afirka sun fi samun tsaro a Turai. Ranar Lahadi 19 ga Oktoba 2025, da hantsi, gidan yana buɗe, ɓarayi huɗu suka zo da mota mai tsani, suka hau ta taga, suka kwashi kayan ado 8 na gidan sarautar Faransa cikin ƴan mintoci. An ƙiyasta kuɗinsu yuro miliyon 88, kusan miliyar 58 na sefa.

A ƙetaren kogin Sen, daura da Luvur, akwai gidan Orsay, tsohuwar tashar jirgin ƙasa da aka mayar muze a 1986. Zane-zanen Turawan ƙarni na 19 ne a ciki. Masu sha'awar zane suna yini a can.

Kadan Gadufawa

Gidan da ɗan Nijar zai fi jin ya zo gida shi ne gidan tarihin halittu, a cikin lambun da ake kira Jardin des Plantes, wanda aka kafa a 1635 don shuka itatuwan magani na sarki. A nan raƙumin dawa na farko da ya shiga Faransa ya zauna. Mace ce, Muhammad Ali mai mulkin Masar ya aiko ta kyauta, aka kawo ta a jirgin ruwa har Marseille, daga nan ta tako da ƙafa kwana 41 zuwa Paris a 1827, mutane suna fitowa gari gari suna kallo. Dabbar da manoman Kure ke kora daga gonar wake, ita ce ta tashi hankalin ƙasa guda.

A gefen lambun akwai wani dogon gini da aka buɗe a 1898, cike da ƙasusuwa. A bene, cikin ƙwarangwal na dabbobin farkon duniya, akwai wani kada wanda kansa kaɗai ya kusa tsawon mutum. Sunansa na masana Sarcosuchus imperator. Ƴar takardar ta ce daga Gadufawa ya fito, cikin Tenere, kudu maso gabas da Agadas. Ya rayu shekara wajen miliyon 110 da suka wuce, zamanin da wurin nan da babu ko ciyawa yau yake cike da koguna. Tsawonsa ya kai metir 9 ko fiye.

Masu neman uraniyom ne suka fara ba da labarin ƙasusuwan Gadufawa, sai aka aiki wani saurayin masani, Philippe Taquet, ya je ya duba. A 1965 ya ci karo da ƙasusuwan wata dabba irin waɗanda ake kira dinozor, mai tudu a baya kamar tozo. Aka tono ta a 1966, aka kai ta Paris, aka yi shekaru ana sharewa ana aunawa. A 1976 ya raɗa mata suna Ouranosaurus nigeriensis. Farkon sunan daga kalmar da mutanen hamada ke kiran damo da ita ya samo shi, ƙarshensa kuwa sunan Nijar ne. Da aka gama nazari aka ɗauki kwafinta, sai aka mayar da ƙasusuwan Yamai, aka kafa su a muze na ƙasa, inda yaran lakwal ke zuwa kallonsu. Wannan ya nuna ana iya kai abu waje a yi bincike a kansa a kuma dawo da shi, in an yi magana tun farko.

Gidan ɗan Adam

Daura da hasumiyar Eiffel, bisa tudun Trocadéro, akwai Musée de l'Homme, wato gidan tarihin ɗan Adam, wanda Paul Rivet ya kafa a 1937. An gyara shi an sake buɗewa a 2015, yanzu labarin asalin mutum da bazuwarsa cikin duniya yake bayarwa. Yawancin kayan Afirka da ke cikinsa a da an kwashe su zuwa wani gida, amma a nan tarihinsu yake.

Daga 1931 zuwa 1933 wata tawaga a ƙarƙashin Marcel Griaule ta ratsa Afirka daga Dakar zuwa Jibuti, ta taɓa Nijar a kan hanya. Ta komo Paris da kaya wajen 3,500. Waɗansu an saya, waɗansu an ba su kyauta. Amma magatakardan tawagar, Michel Leiris, ya rubuta abin da ya gani kullum, ya buga shi littafi a 1934, a ciki ya faɗi yadda a ƙasar Bambara suka shiga ɗakin tsafi suka ɗauki abin da mutanen gari ba su yarda su ba da ba, suna tsorata su da hukumar mulkin mallaka, suna jefa musu ƴan kuɗi kaɗan. Ba don wannan rubutu nasa ba, da takardun muze sun ce saye aka yi, magana ta ƙare.

Gidan yana da ma'ajiyar ƙasusuwan mutane, wannan kuwa ya fi kome nauyi. Sarah Baartman, wata mata daga Afirka ta Kudu da aka yi ta nunawa a Turai kamar dabba har ta mutu a Paris a 1815, gawarta ba ta ga kabari ba sai a 2002, da aka mayar da ita gida. A watan Yuli 2020 aka mayar ma Aljeriya ƙoƙon kai 24 na mutanenta da aka kwaso a zamanin mulkin mallaka na ƙarni na 19.

A wannan gida ne kuma Jean Rouch ya yi zaman aikinsa na silima, mutumin da ya yi shekaru yana ɗaukar hotunan masunta da mahalba da ƴan bori na kogin Isa tare da abokansa ƴan Nijar. Ya rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004, aka binne shi a Yamai.

Quai Branly

Gangarowa kaɗan a ƙetare gada, sai gidan Quai Branly, wanda shugaba Jacques Chirac ya buɗe a watan Yuni 2006, aka kuma sa masa sunansa daga baya. Nan aka tara kayan Afirka, da Asiya, da Amurka, da tsibiran teku, fiye da 300,000. Waɗanda aka baje ba su wuce 3,500 ba, sauran suna cikin ma'ajiya. Ana rufe shi ran Litinin. Cikinsa da duhu-duhu, an haska kowane abu shi kaɗai kamar amarya. Yana da kyau ga ido, amma ganga ko takoba ko sirdi da aka rufe cikin gilashi, ba makaɗi ba mahayi, abu kaɗan take faɗa ma wanda bai san ta a gida ba.

A watan Nuwamba 2017, a jami'ar Wagadugu, shugaba Emmanuel Macron ya ce yana so a fara mayar ma Afirka kayanta. Ya ɗora ma masana biyu aikin bincike, Felwine Sarr na Senegal da Bénédicte Savoy ta Faransa. Rahotonsu ya fito a Nuwamba 2018. Sun ce akwai kayan Afirka ta kudu da Sahara aƙalla 90,000 a gidajen tarihi na gwamnatin Faransa, 70,000 daga ciki a Quai Branly kaɗai, kuma wajen 46,000 daga waɗannan sun shigo tsakanin 1885 da 1960, wato zamanin mulkin mallaka. Ƙasar Cadi ce ta fi kowa yawan kaya a wurin, fiye da 9,000.

Faɗa da baki ya fi aikatawa sauƙi. Ƙa'idar Faransa ta daɗe tana cewa abin da ya shiga dukiyar gwamnati ba ya fita, don haka sai da majalisa ta yi doka ta musamman a watan Disamba 2020. Da ita aka mayar ma Benin abubuwa 26, karagun mulki da ƙyamaren fada da gumakan sarakuna, waɗanda Janar Dodds ya kwashe daga Abomey a 1892 sa'ad da ya ci sarki Béhanzin. Sun sauka Kwatano ranar 10 ga Nuwamba 2021. Da aka baje su a fadar shugaban ƙasa a 2022, mutum wajen dubu 200 suka yi layi don su gani. Da wannan doka kuma aka tabbatar ma Senegal takobin da ake jingina ma Alhaji Umaru Tal, malamin nan da ya zauna Sakkwato ya auri ƴar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Littattafan gidansa da Archinard ya kwashe daga Segu a 1890, kundi wajen 500, suna babban ɗakin karatu na Paris. A 2025 aka sake yin wata doka don gangar Djidji Ayôkwé ta Kodebuwa, wadda aka ƙwace a 1916.

Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan an san ranar da aka ɗauke su, da wanda ya ɗauka, da inda aka ɗauko. Takarda ce ta tsaya musu shaida. Ƙasar da ke son kayanta sai ta sami mutanen da za su zauna su bi rajista layi layi.

Tukwanen Bura

Ba duk abin da ya bar Afirka ne soja ya ɗauka ba. Akwai wanda ya fita bayan samun ƴancin kai, ta hannun ƴan ƙasa. Sa'ad da ake tara ma Quai Branly kaya, an sayi mutum-mutumi uku na yumɓu, biyu na Nok ɗaya na Sakkwato, waɗanda aka fitar daga Nijeriya ba bisa ƙa'ida ba. Da surutu ya yi yawa, a 2002 Faransa ta yarda cewa mallakar Nijeriya ne, aka bar mata su aro na shekara 25.

Nijar ta ɗanɗana irin wannan. A 1975 aka ci karo da kawunan yumɓu a Bura, cikin ƙasar Tera. A 1983 masanin tarihi Boubé Gado, na cibiyar bincike ta jami'ar Yamai, ya jagoranci tono a wurin. Suka sami maƙabarta mai tukwane wajen 630, an kife su kusa da juna, waɗansu da kan mutum a samansu, ɗaya da mahayi bisa dokinsa. Masu binciken sun auna kowace tukunya, sun rubuta zurfinta da abin da ke ƙarƙashinta, ƙasusuwa da mundaye da kan kibiya na ƙarfe. Da haka aka gane cewa mutanen sun zauna wurin tun wajen ƙarni na 3 bayan haihuwar Annabi Isa, suka yi ɗaruruwan shekaru suna binne matattunsu a nan.

A 1993 aka kai kayan Bura Paris, cikin wani babban nuni na tarihin kwarin kogin Isa, wanda daga baya ya zagaya manyan biranen Afirka ta Yamma. Duniya ta gani ta yaba. Dillalan kayan tarihi su ma suka gani. Shekarun da suka biyo baya, ga fari ga talauci, ƙauyawa suka shiga tonon dare da rana suna sayar ma ƴan kamasho a kan kuɗin da bai kai na buhun hatsi ba, su kuwa su kai Turai a sayar da tsada. Mai tonon haya kai kawai yake so. Yakan fasa tukunyar, ya watsar da ƙasusuwa, ya cakuɗa ƙasar sama da ta ƙasa. Kan da ya fita ta haka, ko ya shiga gilashi a wani babban birni, ƴar takardarsa ba ta da abin faɗi sai sunan Bura da alamar tambaya, kuma babu masanin da zai iya mayar da abin da aka watsar.

Nijar ta shiga yarjejeniyar UNESCO ta 1970 mai hana fataucin kayan tarihi tun 1972, Faransa kuwa sai a 1997. A ranar 30 ga Yuni 1997 Nijar ta yi dokarta ta kare kayan gado na ƙasa, wadda ta hana tono da fitar da irin waɗannan kaya ba da izinin hukuma ba. A shekara ta 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa tukwanen Bura cikin jan jerin kayan Afirka da aka gargaɗi muze da dillalai da ma'aikatan duwan kada su saya, kada su bari su wuce. Mahayin dokin da Boubé Gado ya tono, gutsure-gutsure aka same shi. An iya haɗa shi ne domin an rubuta inda kowane guntu yake kwance.